Siminti ba ya ragi, sai gumin lebura

A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000. Gwamnoni suka shiga gasa: Legas da Ribas 85,000, Kaduna 72,000, Kano 71,000. Aka yi ta tafi. To, a je a tambayi mutumin da ke hawa bene da kwanon sarki cike da kankare ko sisin kwabo ya ƙaru a aljihunsa. Dokar ta tsame duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta tsame masu aikin jinga. Wato ƙiri-ƙiri aka ce ban da lebura.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bambancin lada tsakanin gari da gari. Buhun siminti kilo 50 ne a Lekki, kilo 50 ne a Gusau, kuma bayan da ke ɗaukarsa iri ɗaya ne. Amma abin da ake ba lebura a Gusau ko Damaturu bai kama ƙafar na Legas ko Abuja ba. Ka yi magana, a ce ai rayuwa a Arewa da sauƙi. Wane sauƙi? Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, wane ne ya sayi kwanon masara ko maganin zazzaɓi da rahusa don ɗan Arewa ne?

Maganar gaskiya, hannu ne ya yi yawa. 'Yan bindiga sun raba mutane da gonakinsu, sun cika gari. Ka leƙa bakin titi bayan sallar asuba, ga su nan tsugune da shebur da diga. Mota na tsayawa sai su yi mata caa. Ɗan kwangila ko gilashi ba ya gama saukewa yake yanka kuɗi.

"Oga, a ɗan ƙara mana wani abu."

"In ba ka yi, ga wani nan."

Wannan ogan bai taɓa neman ragi wajen dillalin rodi ya samu ba, sai a kan mai yunwa yake nuna iya ciniki. In an tashi da yamma kuma, a ce a dawo Asabar, Alhaji bai sako kuɗi ba.

Na masu haƙar ma'adinai ya fi muni. Zinaren Anka da farashin kasuwar duniya ake sayar da shi, amma yaron da ke shiga rami da tocila ɗaure a goshi, abin da ubangida ya ga dama yake miƙa masa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Zamfara. A Yunin 2024 rami ya rufta da ma'aikata a Galkogo da ke Shiroro. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata tun 2010, amma wa zai biya diyyar mutumin da ko sunansa babu a takarda?

Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta iya rufe sakatariya saboda masu zama a ofis. Ta zo wajen gini mana. Gwamnonin Arewa kuma, kowace kwangilar titi ko makaranta su rubuta ladan lebura na yini a cikinta, a manna a ƙofar wurin aikin, wanda ya biya ƙasa da haka a ƙwace kwangilar.