A Ba Tsofaffin Zango Nas Mai Bin Gida-Gida

Tsoho na kwance a ƙauyen Zango, ga hawan jini, ga ciwon suga. Sai ciwo ya ci ƙarfinsa a ɗora shi a babur zuwa asibitin Daura. Ɗansa ya rufe rumfa, jari ya karye.

A da duba-gari na bin gida-gida yana leƙa randa. To, me zai hana kowace gunduma ta sami nas guda mai littafin tsofaffi, ta auna jininsu, ta duba magungunansu, ta haɗa su da likita?

Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Kuɗinmu ne. Ku tambayi kansilanku!