Wasiƙa ga Mafarautan Gozaki kan Harsashin Magnum

Zuwa ga Sarkin Baka da sauran mafarautan Gozaki.

Hotunan manyan bindigogin farauta da ke yawo a wayoyin matasa sun sa wasu na ganin adaka da mai-baki-biyu sun zama tsohon yayi, don haka ya dace a yi wa ma'abota wannan sana'a bayanin harsashin da ake kira magnum, wato harsashi mai babban kwanso wanda aka cika da albarushi fiye da na yau da kullum, domin dalmar ta fita da gudu kuma ta ci nisa. Kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da samfurin .375 a 1912, kuma har yau shi ne ƙaramin abin da wasu ƙasashen Afirka ke yarda a tunkari giwa ko ɓauna da shi. An yi .300 Winchester Magnum a Amurka a 1963, sannan .338 Lapua Magnum, wanda aka ƙera a Finland saboda sojoji, ya yi suna a 2009 da wani sojan Birtaniya ya sami abin harinsa a nisan mita 2,475 a Afghanistan.

Tsadarsa ba a ƙwayar kaɗai take ba, ko da yake ƙwaya ɗaya ta .338 takan kai dala 5 a Amurka tun kafin a yi maganar canjin naira. Zafin albarushi mai yawa yana cinye cikin bututun bindiga, har saitinta ya fara lalacewa bayan harbi dubu ɗaya da wani abu, kuma bindigar tana dukan kafaɗa da ƙarfin da ke sa mai harbi runtse ido kafin ya ja kunama. Nisan da ake yabo ma sai da lissafi, domin dalmar .300 da aka saita a mita 100 tana sauka ƙasa da fiye da mita ɗaya kafin ta kai mita 500, iskar hunturu kuma tana kauce da ita gefe, wanda ke nufin sai da madubin hangen nesa da atisaye mai cin harsashi. Dokar Makamai ta 1959 kuma ta yi tanadin lasisi ko a kan adaka, balle bindigar da ta fi ta.

Abin da ya fi damun mai wannan wasiƙa shi ne yanayin ƙasar kanta. Tsakanin Gozaki da Kafur da Malumfashi gonakin masara da dawa da auduga ne a haɗe, kuma lokacin farauta, bayan an kawar da amfanin gona, shi ne lokacin da makiyaya ke sakin shanu a kan karmami, yara kuma suna kalar hatsi a bayan kunya. Dalmar magnum da ta kuskure zomo tana iya wuce kilomita 3 da ƙarfin kisa, alhali ƙananan ƙwayoyin mai-baki-biyu sukan mutu cikin 'yan ɗaruruwan mita. Naman dajin da ya rage a wannan yanki, wato zomo da gafiya da zabo da makwarwa, harsashin ɓauna tarwatsa shi zai yi, kuma dabbar da aka raunata daga nesa takan gudu ta mutu inda wuƙa ba ta kai gare ta, halaccin namanta ya shiga shakka.

Saboda haka ana shawartar shugabannin farauta da su hana yaransu harbi a inda ba a ga abin da ke bayan dabba ba, su kuma mayar da kuɗin da ake kwaɗayin zubawa a babbar bindiga zuwa ga sabunta lasisi, da kiwon karnuka, da koya wa matasa bin sawu da sanɗa ta ƙarƙashin iska har dabba ta shigo taku talatin.