Namiji, allura da sabuni

Ɗan'uwa mai karatu, duba rigar da ke jikinka. Maɓallanta sun cika? Aljihun bai yage ba? In ya yage, kwana nawa ke nan kana jiran wani ya ɗinke maka?

Ga ra'ayina a fili. Ya kamata kowane namiji ya iya riƙe allura, ya iya wanke tufafinsa, kuma ya yi haka cikin gidansa ba tare da jin kunya ba. Na san za ka ce: "Haba malam, ai wannan aikin mata ne!" To, ka yi haƙuri mu bi maganar sannu-sannu.

Shiga babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ka nufi wurin teloli. Su wa ke taka keken ɗinki? Mafi yawansu maza ne. Babbar rigar da kake sawa ranar salla, wa ya yi mata aiki a wuya da aljihu? Namiji ne. Tun kafin keke ya shigo ƙasarmu, maza ke zama a zaure da allura da zare, suna fidda aska takwas da hannu. Riga guda takan ci watanni. Malamai da almajirai da yawa da wannan sana'a suka ci abinci, kuma ba wanda ya taɓa raina su. Masaƙi namiji ne. Marini namiji ne. Badukun Damagaram, waɗanda aikin fatarsu ya yi suna, da basilla suke ɗinki. Har ma Alphadi, ɗan Nijar da aka sani a duniya saboda tsara tufafi, wanda ya buɗe bikin FIMA a cikin hamada kusa da Agadas a 1998, ai da almakashi da zare ya samu sunan nan.

Wanki ma haka ne. In ka je Yamai, ka sauka bakin kogi kusa da gadar Kennedy da safe. Za ka ga ƙarti suna dukan tufafi a kan dutse, suna shanya su a rana. Waɗanda suka je Abijan sun san rafin Banko, inda maza da yawa, galibinsu baƙi, suke wanki cikin ruwa tun da asuba. Mai bugun shadda namiji ne. Mai guga namiji ne. Ɗan ga-ruwa da ke ɗauko ruwa ya kawo ƙofar gidanka namiji ne. Mai shayi yana wanke kofuna a bakin hanya, kowa na gani, ba mai yi masa dariya.

Ka gani ke nan, kunyar ba cikin aikin take ba. In namiji ya wanke rigar wani aka biya shi, sai mu ce sana'a ce, Allah ya sa albarka. In ya wanke rigar ɗansa don matarsa ta huta, sai mu ce ya zubar da girma. Aikin ɗaya ne, sabunin ɗaya ne, hannun ɗaya ne. Ni dai ban gane ƙaƙa dala goma ke mai da abin kunya ya zama abin yabo ba.

Kai kanka fa? Tuna lokacin da ka tafi biɗa. Ko Kano ka je cin rani, ko Ikko, ko Kwatano, ko Libiya. Kun taru ku shida ko bakwai cikin ɗaki guda. Wa ke dafa maku shinkafa? Wa ke wanke maku kaya ranar da ba aiki? Wandonka da ya tsage wurin dako, wa ya sa masa maho? Ku ne da kanku. Soja a bariki haka yake yi. Almajiri a makarantar allo haka yake yi ranar Alhamis. Ɗan lakol da ke kwana a makaranta ma haka. Amma ranar da ka dawo gida, ka tsallake dokin ƙofa, sai hannun nan ya mutu. Ko hularka ba ka iya wankewa.

Wannan mutuwar hannu akwai wadda take biyan kuɗinta, kuma ka san ta. Lissafa ranar matarka tun daga kiran asuba. Ta share gida. Ta tafi rijiya, a wasu garuruwan ma rijiyar na da nisa, ga zurfi, ga layi. Ta sussuke hatsi, ta surfa, ta daka, ta dama fura. Ta nemo itace. Ta yi tuwo. Ga goyo a baya, wata ma ga ciki. Da damina ta kai maka abinci gona, ta kuma yi nata noman a gamana. Wankin gida duka yana jiranta a kan wannan. Kada ka manta, wanki ruwa yake sha, kuma ruwan nan a kanta ko a kan jakinta ya zo.

Za ka ce kai ma kana wahala. Gaskiya ne. Wanda ya yi noma da haywa ko da kalme tun safe har azahar ya san gajiya, ba ni musun wannan. Amma damina a ƙasarmu wata 3 ce ko 4. Bayan an kai hatsi rumbu, sa'a nawa kake yi a gindin bishiya ko a fada, kana shan shayi kana dara? Aikin gona yana da ƙarshe. Daka da wanki ba su da rani, ba su da damina.

Sai kuma ranar da ba ta iya tashi. Mace takan haihu ta shiga jego kwana 40. Takan kwanta masassara. Takan tafi gidan iyayenta haihuwar fari. Takan kwana a likita tana jinyar yaro. A irin wannan rana ake gane maigidan da ya iya da wanda bai iya ba. Wanda bai iya ba sai ya bi maƙwabta yana roƙo, ko ya ɗora wa ɗiyarsa ƴar shekara 9 aikin gida duka, ta daina zuwa lakol. Ko kuwa yara su yi mako guda cikin kaya masu dauɗa. Dauɗar tufafi kuwa ba maganar ado kaɗai ba ce. Ƙwarƙwata a cikin ɗinkin riga take ɓuya ta yi ƙwai. Ƙazwa tana bin tufafi da shimfiɗa ta kama ƴan ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Tsumman jariri mai zawo in ba a wanke shi da sabuni ba, cutar tana iya komawa ga sauran yara.

Ga maganar kuɗi kuma, tun da yanzu ka iya lissafi. A ce mai wanki yana karɓar dala 10 a kan kowane tufa, kai kuma kana ba shi 5 a mako. Dala 50 ke nan. Shekara mako 52 ce. Ka buga da kanka: dala 2600, wato jika 13. Wannan misali ne kawai, ka sa farashin garinku ka gani. Manya sun tuna watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Faran guda na Faransa da ake saye da sefa 50 ya koma 100. Kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada, har da yadi da magani. Gidan da ke da allura a lokacin ya fi jin sauƙi, don riga mai maho ta fi bashin sabuwa. Ko rigar bosho ka saya, in ka iya rage mata hannu, ka ƙara mata maɓalli, ta zama taka.

Abin da ya fi tsare maza dai, in za mu faɗi gaskiya, bakin mutane ne. Za a ce mijin-ta-ce. Za a ce an yi masa asiri, an mallake shi. Wani lokaci mahaifiyarka ce za ta fara faɗi. Wani lokaci ma matar ce za ta ƙwace bokitin, don tana tsoron a ce ta kasa riƙe gida. Wannan tsoro na gaskiya ne, ba abin wasa ba ne, don ita za a zaga a bakin rijiya, ba kai ba. Saboda haka kada ka yi abin da gayya ko da gori. Ku yi magana tukuna. Ka fara da naka kayan: hula, riga, wando. Ba mai cewa komi don namiji ya wanke hularsa.

In wani ya kawo maka maganar addini, ka ce ku je wurin malamin unguwa ku tambaya. An ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ɗinke tufarsa, yakan gyara takalminsa, yakan taimaki iyalinsa da aikin gida har lokacin salla ya yi. Wa zai ce ya fi shi girma?

Ke kuma ƴar'uwa da ke karanta wannan a ajin mata, ga taki. Ranar da maigida ya ɗauki allura, kada ki yi masa dariya. Ɗinkin farko karkatacce ne, na kowa haka yake. In kika yi dariya sau ɗaya, ba zai sake ba. Ki nuna masa, ki bar shi ya ƙarasa da hannunsa.

Koyon kuwa ba wuya. Maɓalli shi ne farko. Yanki zare kamu guda, ka zura a allura, ka haɗa bakin biyu ka ƙulla. Soko allurar daga cikin riga ta fito ta ramin maɓalli, ta koma ta ɗaya ramin. Yi haka sau 5 ko 6. Kada ka matse ƙwarai. Sai ka naɗa zaren sau 3 a ƙarƙashin maɓallin, ka mai da allurar ciki, ka ƙulla, ka yanke. Shi ke nan. In yagewa ce, juya rigar ciki waje, ka haɗa bakin yagen, ka yi ƙananan ɗinki kusa da kusa, kana ɗan komawa baya kowane taku don ya yi ƙarfi. Ka fara daga inda yadin yake da lafiya, ba daga bakin ramin ba. Kuma ka ɗinke tun yagen yana ƙarami.

Wanki ma yana da ƙa'ida. Ware farare daban, masu launi daban. Wanda ya taɓa haɗa farar riga da baƙin rawani mai shuni ya san dalili. Duba aljihu, kada ka wanke katin ɗan ƙasa ko takardar likita. Jiƙa kayan da sabuni su ɗan jima, sannan ka cuɗa wuya da hammata da bakin hannu, nan dauɗa take taruwa. Ɗauraye har ruwan ya fita ba kumfa. Farare a shanya a rana, masu launi a juya su a sa a inuwa don kada su koɗe. Kada ka shiga cikin tabki ka tsaya kana wanki, don a irin ruwan nan ake ɗaukar tsargiya, mai sa fitsarin jini. Ɗebo ruwan ka fito tudu. Ruwan wankin kuma a zubar nesa da bakin rijiya, kada a bar shi ya kwanta sauro ya samu gida.

Ka tuna ranar da ka fara zuwa ajin yaƙi da jahilci. Akwai waɗanda suka ce da gemunka za ka zauna kana a, ba, ca kamar yaro. Allin yana kuɓuce maka, harafin yana fita a karkace. Yau ga shi kana karanta wannan shafi da kanka. Allura ba ta kai alli wuya ba. A mako mai zuwa ka zo aji da allura guda, da zare, da tsohuwar riga. In akwai tela cikinku, ku roƙe shi ya nuna maku bayan an tashi karatu. Ka zo da ɗanka namiji shi ma, ya zauna kusa da kai ya zura maka zaren, tun da idonsa ya fi naka gani.