Rabon zangon mita 630 tsakanin masu rediyon sa-kai

Zangon mita 630 wani ɗan yanki ne na igiyoyin rediyo da ya fara daga kilohaz 472 ya tsaya a 479, wanda aka ware wa masu rediyon sa-kai, wato mutanen da ke da lasisin aika saƙo ta rediyo don sha'awa da gwaji, ba don kasuwanci ba. Yana ƙasa kaɗan da matsakaicin zangon da gidajen rediyo ke watsa shirye-shirye a kai. Faɗinsa duka haz 7,000 ne, kuma wannan ƙarancin fili shi ne tushen muhawarar yadda za a raba shi tsakanin hanyoyin aika saƙo daban-daban.

Tarihi

Kusan shekara ɗari, kewayen kilohaz 500 na jiragen ruwa ne. A nan ake buga saƙon neman ceto da harufan Mos, kamar yadda jirgin Titanic ya yi a 1912. A ranar 1 ga Fabrairu 1999 sabon tsarin neman ceto mai aiki da tauraron ɗan'adam ya maye gurbin wannan hanya, sai wurin ya rage cunkoso.

A taron rediyo na duniya da Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta yi a Janeba a 2012, an ba masu sa-kai wannan yanki. Kafin nan, a taron 2007, an ba su zangon mita 2,200, daga kilohaz 135.7 zuwa 137.8, wanda ya fi wannan ma ƙanƙanta.

Sharuɗɗa

Masu sa-kai baƙi ne a zangon. Dole su kauce wa jiragen ruwa da tashoshin nuna wa jiragen sama hanya, kuma ba su da bakin kai ƙara idan waɗannan suka dame su. Ƙarfin da zai fita daga eriya bai wuce wat 1 ba, sai dai ƙasa na iya ɗaga shi zuwa wat 5 ga tashar da ta yi nisan fiye da kilomita 800 daga iyakokin wasu ƙasashe da aka lissafa. Wasu ƙasashe, ciki har da Sudan, Libiya, Aljeriya, Masar, Rasha da Sin, ba su buɗe zangon ga masu sa-kai ba.

A Amurka, hukumar FCC ta buɗe shi a 2017. Mai son aiki a can sai ya sanar da ƙungiyar kamfanonin wutar lantarki, ya jira kwana 30, saboda kamfanonin na tura saƙonnin sarrafa na'urorinsu ta cikin manyan wayoyin wuta a irin waɗannan ƙananan igiyoyi.

Hanyoyin aika saƙo

Kowace hanya tana da girman filin da take ci:

* Murya: magana ɗaya tana cin kusan haz 2,700, fiye da kashi ɗaya cikin uku na zangon.
* Mos: tana buƙatar haz 200 ko ƙasa da haka. Mutum ne ke bugawa da hannu, ya saurara da kunne.
* QRSS: Mos ce da ake jan ta a hankali ƙwarai, ɗigo ɗaya ya ɗauki daƙiƙa uku ko fiye. A fuskar kwamfuta ake karanta ta.
* WSPR: Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar lissafin halitta a 1993, shi ya fitar da ita a 2008. Faɗinta kamar haz 6 ne, saƙo ɗaya kuma yana ɗaukar kusan minti biyu.
* FST4 da FST4W: an ƙirƙire su musamman don ƙananan zanguna, sun fito cikin manhajar WSJT-X a 2021. Zagayen aika saƙo ɗaya kan kai har minti 30.

Inda saɓanin yake

Matsala ta farko ita ce murya. Dokar Amurka ba ta hana ta a zangon ba, amma mutum biyu da ke hira na iya rufe filin da zai ɗauki masu Mos fiye da goma.

Ta biyu tana tsakanin mutum da na'ura. WSPR ba hira ba ce. Kwamfuta ce ke aika sunan tasha da wurinta da ƙarfinta, waɗanda suka ji su tura rahoto ta intanet, ko da mai ita yana barci. Masu goyon bayanta na ganin ita ce ke nuna lokacin da hanya ta buɗe zuwa wata nahiya. Masu Mos kuwa na ganin zango ya zama na injuna idan babu mai amsa kira.

Ta uku ta shafi maƙwabtaka. Tsawon eriyar da ta dace da zangon ya kai mita 158, abin da kusan babu mai iya kafawa a gida. Gajerun eriya na ɓarnatar da yawancin wutar da aka ba su, don haka saƙon nesa yakan iso da rauni. Tasha mai ƙarfi da ke kusa tana iya kurmantar da rediyon mai sauraro ko da ba a layi ɗaya suke ba. Ga shi kuma da dare ne igiyoyin ke tafiya nesa, musamman a lokacin sanyi da tsawa ba ta yawa, shi ya sa kowa ke fitowa a sa'o'i ɗaya.

Yadda ake sasantawa

Dokar ITU ta ba da zangon ne a dunƙule, ba ta yanka wa kowace hanya rabonta ba. Ƙungiyar masu rediyon sa-kai ta duniya, IARU, ita ke ba da shawara. A yanki na ɗaya, wanda ya haɗa Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya, shawarar ita ce a bar kilohaz 472 zuwa 475 ga Mos, daga 475 zuwa 479 kuma a haɗa Mos da hanyoyin kwamfuta masu ƙaramin faɗi. Ba a tanadar wa murya wuri ba. Masu WSPR sun taru a tsakanin 475.6 da 475.8, inda haz 200 kacal ke ɗaukar tashoshi da dama, saboda suna karɓa-karɓa da lokaci.

A yawancin ƙasashe babu hukunci a kan wanda ya saɓa wannan tsari. Abin da ke riƙe da shi shi ne kowa ya san kowa, kuma wanda ya dame wasu yau shi ma zai nemi a saurare shi gobe. Ga alama fifiko na komawa ga hanyoyin da suka fi tsimin fili, tun da su ne ke ƙetare teku da wat ɗaya ko biyar. Amma rabon na iya sauyawa idan masu shiga suka ƙaru. Akwai kuma abin da ya fi rabon muhimmanci: idan rashin tsari ya kai ga damun jiragen sama ko na ruwa, hukumar kowace ƙasa tana da ikon janye izinin daga kowa da kowa.