Makullin mota ya koma na kwamfuta, ya kamata a san masu iznin taɓa shi

A da, idan makullin mota ya ɓata, wajen mai yankan makulli ake zuwa, nan da nan a gama. Yanzu da yawa daga cikin motocin tokumbo suna da na'urar tsaro da ke hana injin tashi sai ta gane makullinta. Idan ya ɓata, dole a jona kwamfuta da ƙwaƙwalwar motar a yi wa sabon makulli rajista.

Mai mota a Hunkuyi ko Makarfi ko Ikara da wannan ta same shi, ko dai ya samu mai rewaya da ke da na'urar a kusa, ko ya nufi Zariya. Abin damuwa shi ne, na'urar da za ta fitar da shi kunya ita ce kuma za ta tayar wa ɓarawo motar da ya sato. Ga ta a kasuwa, duk mai kuɗi zai saya, kuma ba kowane gareji ne ke neman takardun mota kafin a fara aiki ba.

Wasu ƙasashen sun daɗe da ɗaukar mataki. A Amurka, inda motocinmu da dama suka fito, ƙungiyar NASTF ce ke tantance bakanike ko mai makulli kafin ya samu lambobin sirri daga kamfanonin ƙera motoci. Ana bincikar tarihinsa, kuma a kowane aiki sai ya tabbatar da shaidar mai motar ya rubuta. A Tarayyar Turai, tsarin SERMI da ya fara aiki a 2023 yana tantance garejin daban, ma'aikacin daban.

Mu ma muna da inda za mu fara. Akwai hukumar NADDC mai kula da harkar motoci, akwai NBTE mai hedikwata a Kaduna wadda ke kula da shaidar ƙwarewar masu sana'ar hannu, ga kuma ƙungiyar kanikawa ta NATA da ta san 'ya'yanta gareji-gareji. Su haɗu su buɗe rajista mai hawa uku: mai duba matsalar mota kawai, mai iznin haɗa makulli, sai yaron gareji da zai yi aiki ƙarƙashin sunan maigidansa. A haɗa kowane asusu da lambar NIN, kowane makulli kuma a rubuta lambar motarsa.

Sai dai a kiyaye. Idan aka tsawwala kuɗi, ko aka ce sai an je Abuja, bakaniken Hunkuyi ba zai je ba, tsarin ya zama na manyan garejin birni kaɗai. A kawo rajistar sakatariyar ƙaramar hukumar Kudan da takwarorinta, a yi bayani da Hausa.

Wake ɗaya ke ɓata gari. Rajistar nan kariya ce ga bakanike mai gaskiya ranar da 'yan sanda suka zo tambayar wanda ya yi wa motar sata makulli.