A Duba Wanda Ya Sha Sanyin Dare Kafin A Maƙala Anini

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in faɗi albarkacin bakina a kan yadda ake ƙarin girma a cikin 'yan sandan sa-kai da 'yan sintiri, musamman waɗanda muke gani a wajen tashar jirgin ƙasa ta Kano, tsakanin Fagge da Sabon Gari.

Ni manomi ne, in an gama aikin damina kuma ina ɗan taɓa kasuwanci. Nakan kawo wake da gyaɗa da albasa birni in sayar, in sari atamfa a Kantin Kwari da sabulu a kasuwar Singa in koma ƙauye. Sau da yawa dare kan yi mini kaya ba su ƙare ba, sai in kwana a kan buhunana kusa da tasha. Duk wanda ya taɓa irin wannan kwana ya san ido ba ya rufuwa sai ka ji usur ɗin ɗan sintiri, ka ga hasken tocilarsa.

Tun da jirgi ya iso Kano a 1911 wurin nan bai rabu da baƙi da kaya ba. Nan kakanninmu suka riƙa kawo gyaɗa a kan jakuna da raƙuma har aka yi dala. To inda dukiya ta taru, ɓarawo ma nan yake kwana. Shi ya sa maganar wanda zai shugabanci masu tsaro ba ƙaramar magana ba ce a gare mu.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani dattijo da na sani a wata ƙungiyar sa-kai, ba zan kama suna ba. Ya haura shekara 15 yana sintiri, ruwa da iska, hunturu da bazara, ba albashi sai ɗan abin da 'yan kasuwa suka haɗa. Wata rana kuɗin cinikina suka faɗi wajen alwala, wallahi shi ya tsinta, ya bi ni har inda nake lodi ya ba ni, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Da aka tashi naɗa kwamandan yanki, kowa ya ɗauka shi ne. Sai ga wani yaro da bai shekara biyu da shiga ba, wanda ba mu taɓa ganinsa a waje bayan lisha ba, an maƙala masa anini, wai yana da uban gida a siyasa kuma shi ya ɗinka wa 'yan ƙungiya kaki. Yanzu dattijon nan ne ke ƙame masa. Wannan ai shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Malam Edita, ɗan sa-kai ba shi da fansho, ba shi da garatuti. Igiyar da ke hannun rigarsa da aninin kafaɗarsa su ne kaɗai ladan da yake gani a duniya. In aka sayar da su, me ya rage masa? Na kirki sai gwiwarsa ta yi sanyi ya ajiye sanda. Wanda kuwa ya sayi muƙami dole ya nemi mai da kuɗinsa, kuma a jikin wa? A jikin mai tura baro da mai tallan ƙosai da baƙauye irina da bai san gari ba.

A 2020 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta amince da naira biliyan 13 da ɗoriya don tsarin 'yan sandan al'umma, aka ɗebi matasa a jihohi aka horar da su. A 2023 rundunar 'yan sandan Kano ta ɗauki tubabbun 'yan daba 50 aikin sa-kai, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Ni ban ga laifin tuba ba, amma yaron da ya ajiye wuƙa jiya yana bukatar shugaba mai tsoron Allah da zai riƙe shi. A ƙarshen wannan shekarar kuma aka kori 'yan sandan sa-kai biyu a Jihar Oyo saboda roƙon kuɗi wajen wata Baturiya 'yar ƙasar Holan mai yawon duniya a kan babur, duniya duk ta gani. An kori ƙanana, to amma wa ke duba su a bakin aiki?

Don haka ina kira ga hukumar 'yan sanda da shugabannin ƙungiyoyin sintiri da su sa ƙa'ida a rubuce. Na ɗaya, kada mutum ya tsallake matakala, ya bi daga kurtu zuwa kofur zuwa saje, a ƙidaya shekarunsa da dararen da ya fita. Na biyu, kafin a ba kowa babban muƙami a tambayi mai unguwa da limami da shugabannin 'yan kasuwa, har da 'yan dako, don su ne suka san mai hannu tsarkakakke. Na uku, a kafe sunayen a bakin ofis na sati biyu, mai ƙorafi ya kawo. Na huɗu, ɗan siyasa ya ba da gudummawar tocila da takalmi in ya ga dama, Allah ya saka, amma ya cire hannunsa daga naɗi.

Na san za a ce kwamanda yana bukatar ilimin boko don rubuta rahoto. Haka ne, ban musa ba. To a buɗe wa tsofaffin hannu ajin yaƙi da jahilci, ko a ba su magatakarda. Rubutu ana koyonsa a shekara guda, amana kuwa ba a koyar da ita a aji.

Mu ma 'yan kasuwa da laifinmu. Kuɗin sintiri muna biya, amma ranar taro ba ma zuwa, sai an naɗa mu koma gefe muna gunaguni. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Allah ya ba mu shugabanni masu adalci, ya kare masu kwana a waje dominmu, amin.

Naka,
Manomi kuma ɗan tireda,
Bakin Tasha, Fagge, Kano.