Zauren Iyali: Kafin A Ɗora Farantin Sola A Kan Rumfa



Tun bayan yankewar wuta da aka sha a 2021, da ƙarin kuɗin lantarki na kashi 10 cikin ɗari a Janairun 2024, magidanta da dama a Adjamé da Treichville suka karkata ga farantan sola. Ita ma hukuma ta buɗe tashar sola ta Boundiali a Afrilun 2024. Sai dai galibinmu ba mu da fili, don haka idonmu kan rumfar bayan gida ko rufin madafa yake. A nan ne muke jan hankali.

Farantin da ke ba da wat 400 nauyinsa ya kai kilo 20, faɗinsa kuma kusan murabba'in mita 2. Rumfar da aka yi wa shanya ba a yi ta don wannan kaya ba. A kira kafinta ya duba katakon, ko gara ta ci shi. A ɗaure farantin da noti a jikin katako ko ƙarfen rumfa, kada a dogara da kwano. Haɗarin da ya fi nauyi shi ne iskar damina, wadda kan shiga ƙarƙashin faranti ta ɗaga shi, ta jefa tsakar gida inda yara ke wasa.

Duk mai hawa jirgin ruwa a tashar Treichville ya san yadda damshin tafkin Ebrié ke cin ƙarfe, domin ruwan teku na shiga cikinsa tun da aka buɗe mashigin Vridi a 1950. Saboda haka a nemi sandunan alminiyum da notin da ba ya tsatsa. Farantin ya fuskanci kudu, a karkace kaɗan, kamar digiri 10, don ruwan sama ya riƙa wanke shi. A bar rata tsakaninsa da kwano, domin zafi na rage ƙarfinsa, kamar yadda inuwar mangwaro ko benen maƙwabci ke ragewa. Batir kuwa a nisanta shi da murhu.

Sauran magana ta amana ce. Wanda ke haya a gidan haɗaka ya nemi izinin mai gida, ya shawarci maƙwabta, tun bai huda rufin kowa ba. Kada kuma a haɗa inbata da wayar CIE ta gida sai ƙwararre ya sa makunnin da ke raba su, domin wutar na iya komawa kan layi ta hallaka ma'aikacin da ke gyara. Addininmu ya hana mu cutar da wani don sauƙin kanmu.

Allah Ya haskaka gidajenmu, Ya tsare mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.